Wanda ke bakin tebur shi za a tura kwas

Tun jiya nake danne zuciyata amma abin ya ƙi dannuwa. Kun dai ga bidiyon nan da yaran tsohuwar makarantarmu suke yawo da shi: Baba na laburare yana laluben madannin kwamfuta da yatsa ɗaya, layi ya taru a gabansa, wani mara kunya yana ƙyalƙyala dariya a bayan waya. Har da masu ɗora masa kiɗa. To madalla, kun burge. Sai dai ba yaran ne suka fi ƙona min rai ba. Waɗanda suka zaunar da dattijon nan gaban na'urar da ba su taɓa koya masa ba, su ya kamata a ɗauka a bidiyo.

Da aka ce za a koma aiki da Koha, manhajar kwamfuta ta kula da littattafan laburare da bayar da aro, an shirya bita ta kwana biyar. Su wa suka tafi? Ogan laburaren, da mataimakinsa, da wasu biyu da rabonsu da taɓa littafin aro tun suna ɗalibai. Sun dawo da jaka da biro da satifiket, da hoto sun jeru cikin babbar riga. Alawus kuwa ba a magana. Mutumin da zai riƙa shigar da littafi yana fitarwa tun safe har la'asar, shi aka bari yana gadin tebur. Ranar Litinin aka dire masa kwamfuta aka ce bismillah.

Wanda ke bakin tebur shi za a tura kwas. Ban ga abin wahalar ganewa a nan ba.

Ina aji biyu na taɓa zuwa neman wani littafin rabon gado, na gama jan akwatunan kati ban same shi ba. Baba bai ko ɗago kai daga rajista ba ya ce, "Ɗana, je ka sashen BP, kanta ta uku daga taga, bangonsa kore, an ɗinke bayansa da zare." Yana nan kuwa. Shi da kansa ya ɗinke shi. Ya san BP na littattafan Musulunci ne, K na shari'a, R na likitanci, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi a aji kan haka. Da ido da yawan jera littafi ya haddace. Wai wannan mutumin ne ba zai iya koyon latsa maɓalli biyar ba.

Na san abin da za ku cika min sharhi da shi. Wai ƙananan ma'aikata irin su Baba ba su da takarda. To ai takardar ce muke cewa a ba su hanyar samu! Tun 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ke koyar da ilimin laburare a Zariya, Jami'ar Bayero ma tana da sashensa, ga Buɗaɗɗiyar Jami'a wadda mutum zai yi karatu bai bar aikinsa ba. Makarantu suna nan. Sa hannun oga a takardar izinin tafiya karatu shi ne ya zama aiki, fayil ya shekara a durowa. Wai Baba ya kusa ritaya. Saura shekara shida, kuma duk shidan a wannan teburin zai yi su. Wai babu kuɗi. Kuɗin otal ɗin mutum huɗu daga sama ya faɗo? Da shi za a ɗauko mai koyarwa ya zo har gida ya yi mako guda da duk ƙananan ma'aikata, har a ci tuwo da canji. Masu cewa idan sun yi karatu za su gudu kuwa, ba ni da lokacinku.

Masu digiri suna da inda za su fake. Akwai ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Najeriya tun 1962, akwai majalisar da dokar 1995 ta kafa tana yi wa ƙwararru rajista, ana taro, ana gabatar da maƙala, ana ƙarin girma. Ba na hassada, su ci halaliyarsu. Amma mai jera littafi, mai buga hatimi, mai ɗinkin bango, mai duba jaka a ƙofa, mai zaman dare lokacin jarrabawa, su ne laburaren da ɗalibi ya sani. Ni dai na gama makarantar ban taɓa ganin fuskar oga ba sai a kalanda.

Wallahi abin da ya fi taɓa ni a bidiyon, ba dariyar ba ce. Akwai inda Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce wa yarinyar da ke gabansa, "Yi haƙuri 'yata, yanzu zan gane shi." Mutum ya yi shekara ashirin da tara ana zuwa wurinsa neman amsa, yau shi ke ba sa'ar jikarsa haƙuri. Da an ba shi kwana biyar ɗin nan, da shi zai koya wa sauran. A tura shi kwas. A tura na ƙasa da shi ma, tun ba su kai shekarunsa ba.

Af, tunda ana maganar laburaren, wa ya san inda aka kai tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da ke ɗakin baya? Jaridar da aka fara bugawa tun 1939, ɗaure-ɗaure guda har rufi. Zuwana na ƙarshe na tarar gara ta fara cin na ƙasa, rufin kuma yana yoyo daidai kansu. Wani ya ce min an kwashe su a buhu. In a wurin mai tsire suka ƙare, don Allah a faɗa min wanne ne, ina da kuɗin buhu biyu.