Kananci a zama ake samun sa

Duk lokacin da na ga hotunan ranar al'adu daga makarantun kuɗi na garin nan, sai raina ya sosu. An naɗa wa yaro rawani, an yafa masa alkyabba, yarinya an ɗaura mata saƙi an ɗora mata ƙwarya, an ɗauki hoto, an watse sai baɗi. Ba ƙin abin nake yi ba. Amma in iyakar rabon 'ya'yanmu ke nan, wallahi mun yi musu rowa, domin al'ada a cikin mutane ake tsintar ta.

Ku dubi Kano ita kanta. Wane ne Bakano? Shiga cikin birni ka bi sunayen unguwanni: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi da tushenta ke komawa ga Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan fatauci suka zauna. Wangarawa daga Mali suka zo, zamanin Sarki Yaji da ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Yau jikokin waɗannan baƙi su ne 'yan ƙwaryar birni, in sun buɗe baki Kananci ne tsantsa. Me ya mayar da su Kanawa? Kasuwar Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, da sahun masallacin unguwa, da auratayya, da zaman suna da na makoki. Cuɗanya ce ta yi aikin, tsawon ɗaruruwan shekaru.

Mu da muka tashi a lungu mun ga yadda ake yi. Bayan magariba a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kowane magidanci a fito masa da kwanonsa, a haɗa a yi ciyayya. Yaron da ya kawo tuwo ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa ya ajiye, ya ce "Baba, ga shi", ko da ba mahaifinsa ba ne. Ba ya tsayawa kan manya, ba ya haɗa ido da su. In an sallame shi ya koma gefe cikin sa'o'insa, amma kunnensa na wurin. A nan yake jin yadda ake sasanta maƙwabta biyu da suka saɓa kan magudanar ruwa, da yadda ake haɗa wa wanda aka kwantar a asibiti gudunmawa ba tare da an tozarta shi ba. Babu wanda ya zaunar da shi ya ce yau darasin kara za mu yi. Gani ya yi, ya kwaikwaya, ran da ya kuskure wani dattijo ya harare shi, ya gyara.

Haka a kasuwa. Yaron shago a Kantin Kwari yakan yi shekaru yana ɗauko atamfa yana mayarwa kafin maigida ya sallame shi da jari. A shekarun nan yake koyon cewa "albarka" in tayi bai yi ba, maimakon ya ɓata wa mai saye rai, yake gane wa ake ba bashi, da irin nauyin amana. Wannan ba ya cikin manhajar kowace makaranta.

A cikin gida kuma aikin na mata ne, kuma ba ma yaba musu yadda ya kamata. Kaka ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa "ta zo mu ji ta", daga nan a ɗora musu wayon Gizo da haƙurin Ƙoƙi. Yarinya ta ga uwarta ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ta san alkunya tun ba ta san sunanta ba. Ga gaɗa a dandali, ga tashe in azumi ya kai goma, inda yara ke bi gida-gida suna yi wa marowaci da malalaci hannunka mai sanda. Ga wasan taubasai, da na Kanawa da Zazzagawa, da na Fulani da Barebari, wanda ke koya wa mutum ya ji tsokana ya yi dariya, ba ya zaro wuƙa ba.

Yanzu fa? Mun fita sababbin unguwanni, mun ja katanga mai tsawo, mun sa ƙofar ƙarfe, zaure ya ɓace daga taswirar gini. Yaro daga mota sai aji, daga aji sai ɗaki da waya. Na san dalilin iyaye, kuma ba na raina shi. Daba gaskiya ce, ƙwacen waya gaskiya ne, shaye-shaye na cinye mana matasa. Duk mai ɗa dole gabansa ya faɗi. Sai dai yaron da ka kulle bai daina koyo ba, malamai kawai ya sauya. TikTok ne majalisarsa yanzu, kuma a can babu dattijon da zai harare shi.

A 2024 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, muka yi ta murna. Na taya mu murna. Amma hawa na 'yan kwanaki ne a shekara, gaisuwa kuwa kullum ce.

Don haka ina roƙon 'yan'uwana iyaye maza, musamman mu da muka bar cikin birni: in za ka ta'aziyya Yakasai ko Mandawari, ɗauki ɗanka ku tafi tare, ya zauna a tabarma ya ji me ake cewa. Ka aike shi ya kai wa maƙwabci abincin buɗa-baki da ƙafarsa. In hutu ya zo, a kai su gidan kaka su kwana biyu, kada a ce zafi ko sauro. In maƙwabcinka ya tsawata wa ɗanka kan gaskiya, ka je ka yi masa godiya a gaban yaron.