Kathakali ba wasan awa ɗaya ba ne

A birnin Kochi na jihar Kerala, kudancin Indiya, kusan kullum da yamma ana nuna wa 'yan yawon buɗe ido wasan Kathakali, wato wasan kwaikwayon gargajiya na jihar da ake yi da rawa da kiɗa. Baƙi su zo su kalli ana yi wa 'yan wasa kwalliya, su ɗauki hoto, a nuna musu guntun labari na kamar awa ɗaya, sai kowa ya watse. Ba na zargin 'yan wasan, domin kowa da bakin da yake ciyarwa. Damuwata ita ce kada wannan guntun ya zama shi ne abin da duniya za ta ɗauka a matsayin Kathakali.

Mu da muka taso da kallon finafinan Indiya, rawar da muka sani ta 'yan mintoci ce. Kathakali kuwa tun ƙarni na 17 ake yin sa, kuma a al'ada da dare ake farawa, gaban wata babbar fitilar mai, a kai har asuba. Ɗan wasa ba ya furta kalma. Mawaƙa biyu a bayansa ke rera labarin, galibi daga Mahabharata ko Ramayana, tsoffin labaran gargajiyar Indiya, makaɗa na dukan gangunan chenda da maddalam, shi kuma yana faɗin komai da alamomin hannu, masu tushe 24, da gira da kumatu da ƙwayar ido. Baiti guda yana iya cin mintoci masu yawa, saboda sai ya warware shi a hankali, ya nuna kishi ko nadama yadda suke shiga zuciya. Idan aka yanke wannan jinkirin, me ya rage banda tufafi da launi?

Kwalliyar kanta takan ci awa uku ko fiye. Ɗan wasa ya kwanta rigingine, wani gwani ya durƙusa a kansa yana gina masa farin baki a gefen muƙamuƙi da ƙullun shinkafa da takarda. Koriyar fuska ta jarumi mai daraja ce, jan gemu na mugu. Har ƙwayar irin wani tsiro suke sa wa a ƙasan fatar ido don idon ya yi jawur, mai kallo daga nesa ya ga motsinsa.

Horon ya fi haka tsanani. A makarantar Kerala Kalamandalam, wadda mawaƙi Vallathol Narayana Menon ya kafa a 1930 lokacin da wasan ke neman dusashewa, yara kan tashi tun da duhu su yi atisayen ido, da damina kuma malami ya shafa musu mai ya tattaka jikinsu da ƙafa har ya yi laushi. Shekaru ake yi ana wannan. Makarantar ta fara ɗaukar 'yan mata a fannin a 2021, kuma na yi murna da hakan.

Wanda ya sha wannan wahala ya cancanci dandalin da zai nuna duk abin da ya koya. Har yanzu ana yin wasan dare a bukukuwan wuraren bauta da ƙungiyoyin masoya Kathakali, kuma can ya kamata gwamnatin Kerala ta fi zuba tallafinta, ta biya mawaƙa da makaɗa da masu kwalliya yadda za su iya rayuwa da sana'ar.