Ƙona kaya ba shi ne ma'aunin aiki ba

Duk lokacin da aka nuna a talabijin ana ƙona madara da tumatirin gwangwani da suka lalace, sai mutanen Yamai su ce ma'aikatan tsabta sun yi aiki. Ai wannan samamen yini guda ne kawai.

Mai son auna aikinsu ya duba rajista: shagon da aka yi wa kashedi a kasuwar Katako, an koma an duba shi? Tarar da aka karɓa, an yanke mata takarda? Naman da ke kan teburin mahauci, akwai hatimin likitan dabbobi a jikinsa?

Gundumomi 5 ne a Yamai. In wata ta tsananta, wata ta sassauta, lalatattun kayan za su koma can inda aka sassauta.