Yadda Rezistar Kawu ta Koma Janareta

Duk mai sayar da kayan gyaran rediyo da na sola yana cin abinci da haruffan Girka guda biyu, ko ya sani ko bai sani ba: Ω na om da ake auna rezista da shi, da μ na maikiro da ke jikin kafasita. Kawuna yana da irin wannan shago a Garwa, da reshe a Marwa, ga kuma ƙaninsa a Injamena da ke ɗaukar kaya a wurinsa. Ya sa ni in rubuta masa manhajar lissafin kaya, ladan kuwa addu'a da shayi. Na rubuta da yaren kwamfuta na Python, na yi tagoginta da tkinter, wato kayan Python na zana tagogi. Kwamfutar Garwa Windows ce ta Faransanci, ta Marwa tsohuwa ce mai Ubuntu, Baba ƙarami na Injamena kuma MacBook yake riƙewa don kada a raina shi.

Dabarar farko tsohuwa ce, ta zamanin da. Akwai salon haruffa mai suna Symbol wanda ke sa wa haruffan boko rigar Girka: ka buga W ya fito Ω, m ya fito μ, D ya fito Δ, p ya fito π. Matsalar ita ce lakabi ɗaya a tkinter, wato guntun rubutu ɗaya a jikin taga, salon haruffa ɗaya yake ɗauka, kuma a Symbol k tana zama κ, F tana zama Φ. Don haka "4.7 kΩ" sai da lakabi biyu manne da juna, "470 μF" kuwa uku. A kan Windows abin ya fito tas. Kawu ya gyara zaman tabarau ya ce, "Injiniya, Allah ya yi maka albarka."

Albarkar ba ta kai Marwa ba. Da hantsi yaron shagon can ya bugo waya yana tambaya ko janaretan da ke cikin lissafi an turo shi a mota ne, domin ya duba ko'ina bai gani ba. Wane janareta? Ya ce ga shi a rubuce, 4.7 kW, guda ɗari biyu a leda ɗaya, kowane sefa 25. Har wani mai injin niƙa ya ajiye kuɗin guda biyu ya ce yana dawowa da amalanke.

Abin da ya faru mai sauƙi ne. A cikin manhajar babu Ω ko ɗaya, W ce zalla. Kwamfutar Marwa ta nemi Symbol irin ta Windows ba ta samu ba, ta ɗauko wani salon da take da shi, ta zana W yadda Allah ya yi ta. Kilo-om ya koma kilowat. Wannan ma da sauƙi, kowa zai yi dariya ya wuce. Mai haɗarin shi ne kafasita: 470 μF ta fito 470 mF, kuma mili ya ninka maikiro sau dubu. Rubutun ya yi kama da gaskiya, ba wanda zai tsaya ya yi shakka. A MacBook ɗin Injamena ma W da m ne suka fito, domin Symbol ta can tana bin lambobin Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa, ba ta yarda W ta zama wani abu ba.

Maganin shi ne a daina yi wa harafi kwalliya, a rubuta shi da lambarsa ta ainihi. Ω ita ce U+03A9, μ U+03BC, Δ U+0394, π U+03C0, ρ U+03C1. A Python ana rubuta "4.7 k\u03a9" a lakabi ɗaya, a bar salon haruffan a TkDefaultFont. Windows za ta zana da Segoe UI, Ubuntu da DejaVu Sans ko wani makamancinsa, Mac da nata salon, duk suna da haruffan Girka. In aka ga ɗan akwati fanko a madadin harafi, lambar daidai take, salon da zai zana ta ne babu. A Linux, dangin da Ubuntu take ciki, ana dubawa da fc-list ":charset=03a9", in bai kawo komai ba a saka fonts-dejavu-core.

Marwa ta yi shiru. Sai Kawu ya ce yana son rubutun jikin manhajar da Hausa da Faransanci, mutum ya zaɓa. Na kwashe lakabobin na zuba a fayil daban, na ƙara ɗan shafi na lissafin waya saboda masu haɗa sola: kaurin waya π × d² ÷ 4, da faɗuwar wuta ΔV = 2 × ρ × L × I ÷ S, inda d take faɗin waya, L tsawonta, S kaurinta, I ƙarfin wutar da ke bi ta cikinta, ρ kuma yadda ƙarfen waya ke tare wuta, ta tagulla wajen 0.0175. A Ubuntu da Mac lafiya lau. Washegari na iso shagon Garwa na tarar da Kawu tsaye, hula a ƙeya, yana nuna fuskar kwamfuta da carbi.

"Wa ya ce maka da yuro nake sayar da waya?"

Na leƙa. Inda π take an rubuta Ï€. Inda Ω take an rubuta Î©, μ ta zama Î¼, Δ ta zama Î”. Kawu bai damu da sauran ba, alamar € ce ta tsone masa ido. Ya riga ya lissafa a kansa cewa yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, mitar waya ta ɗari biyar za ta haura dubu ɗari uku, ya ce ko a Faransa ba a yi wannan zalunci ba. Wani mai gyaran talabijin da ke jiran canji ya ƙara da cewa Î¼ ɗin nan kwata take nufi, wato a rage masa farashin kafasita.

An adana fayil ɗin da UTF-8, tsarin ajiye haruffa inda kowane harafin Girka bayit biyu ne, wato lambobi biyu. π ita ce CF 80, Ω ita ce CE A9. Umarnin open() na Python, in ba a gaya masa komai ba, yana bin tsarin kwamfutar da yake kai. A Linux da Mac tsarin UTF-8 ne. A Windows ta Faransanci cp1252 ne, mai karanta bayit ɗaya harafi ɗaya: CF ya ba da Ï, 80 ya ba da €. Gyaran bai kai layi ɗaya ba, open(suna, encoding="utf-8"), a wurin karantawa da wurin rubutawa duka. Fayil ɗin CSV da Kawu ke buɗewa da Excel kuwa "utf-8-sig" yake so, domin bayit ukun nan na farko, EF BB BF, su ke gaya wa Excel abin da ya riƙe. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da suka lalace tare da na Girka, wannan gyaran ya warkar da su.

Kafin Kawu ya huce, Baba ƙarami ya aiko hoto ta WhatsApp: a wurinsa an rubuta "4.7 k" kawai, Ω ta faɗa bayan bango. Akwatin an ƙayyade masa faɗi da fiksel bisa Segoe UI mai girman 9, salon Mac kuma ya fi shi cin wuri. Aka cire ƙayyadadden faɗi, aka jera komai da grid, wato tsarin layuka na tkinter, lakabi ya ɗauki abin da yake buƙata. Wannan bai ɗauki lokaci ba.

Wanda ya cinye mini yini shi ne μ, domin ashe tagwaye ne. Kibod ɗin Faransanci da muke amfani da shi yana da madannin µ kusa da Entrée, wato Enter, amma abin da yake bugawa U+00B5 ne, alamar maikiro, ba U+03BC ta Girka ba. A ido ba ka raba su, a wurin kwamfuta kuwa ba su haɗa ko dangi ba. Yaron Garwa ya buga 100 µF a wurin bincike, manhaja ta ce babu, ya sallami mai saye, alhali kwali guda na ƙarƙashin kujerar da yake zaune. Ω ma tana da tata 'yar'uwar, U+2126. Ana haɗa kansu da unicodedata.normalize("NFKC", rubutu), a bi da abin da aka adana da abin da aka bugo ta nan, duk su koma na Girka. Kuma kada a kuskura a sa .upper() a kan sunan kaya don kanun shafi ya yi kyau: μ tana zama babban harafin Girka Μ, wanda bai da maraba da M ta boko. Kafasita mai girman ƙwayar gyaɗa ta fito 100 ΜF, wato mega, Baba ƙarami ya tambaya ko za ta riƙe wutar madatsar Lagdo.

Na ɗauka an gama, sai ƙaramar firintar rasit ta ce ita ba a yi da ita ba. Irin waɗannan masu takardar zafi ba su san Unicode ba, teburin haruffa 256 suke bi, kuma mafi yawansu da PC437 suke tashi. Teburin yana da Ω a lamba 234, yana da µ a 230, amma ta 230 ɗin ita ce U+00B5, wadda na gama kora daga manhajar gaba ɗaya. Python ta tsaya cak da UnicodeEncodeError, layi ya taru, Kawu ya koma rubuta rasit da biro yana kallona ta saman tabarau. Dole dab da bugawa a mayar da ita: rubutu.replace("\u03bc", "\u00b5").encode("cp437"), bayan an aika wa firintar ESC t 0 don ta zaɓi teburin. Δ babba da ρ ba sa cikin PC437 ko kaɗan, don haka a rasit "faɗuwar wuta" ake rubutawa, ita ma da d mara ƙugiya.

Rasit na farko ya fito 470 µF, guda biyar, jimla daidai. Kawu ya juya shi gaba da baya, ya miƙa wa mai saye, sannan ya zaro wayarsa daga aljihun gaba ya ajiye a gabana.

"To, Injiniya, saka mini ita a nan ma kafin la'asar."