Galili ba sunan dutsen bayan gari ba ne

Ranar Litinin ɗin Ista, muna hawan dutse da kulolin shinkafa da jarkar zoɓo, autana ɗan shekara 8 ya ja mini riga ya ce, "Baba, wa ya raɗa wa dutsen nan suna Galili?" Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Shekara huɗu ke nan muna zuwa "Galili" da yaron nan, ashe a wurinsa ranar cin nama da buga ƙwallo ce kawai. Bai san cewa a Matiyu 28 Yesu ne, bayan tashinsa, ya aiki mata su gaya wa 'yan'uwansa su tafi Galili, can za su gan shi ba.

Kada kowa ya ɗora wa malamar makarantar Lahadi laifi. Awa ɗaya take da shi a mako, ga yara cike da aji. Laifin nawa ne.

Kakata ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma ranar Juma'a Mai Kyau ba mai kunna rediyo a gidanta, tukunya kuma ba ta ganin nama. Lahadi tun da asuba za ta tashe mu, ta riƙe fitilar ƙwai, mu bi matan Zumunta suna buga tulu suna waƙa cikin duhu. In ka yi ƙunƙuni sai ta ce matan da suka je kabari ma ba su jira rana ta fito ba. Ba a aji na koyi labarin nan ba, da barci a idona na koye shi.

Ni ba ɗan Katolika ba ne, amma a nan sun fi mu dabara. Ganyen dabinon da yaro ya ɗaga bara ranar Lahadin Dabino, shi ake ƙonawa a shafa masa tokar a goshi ranar Larabar Toka, sannan ya bi Hanyar Gicciye tasha 14 da ƙafarsa. Abin da jiki ya taɓa yana wuyar mantuwa.

Na san za a ce ranaku ba kome ba ne, zuciya Allah yake dubawa. To, in haka ne, me ya sa tun Nuwamba muke zaryar shagon tela saboda kayan Kirsimeti? Ɗinki ba ya kuɓuce mana, karanta Luka 2 a tsakar gida ne ba mu da lokacinsa. Ga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932, ga Littafin Waƙoƙi ƙura ta rufe shi a kan kabad.

Da muka dawo gida na miƙa wa autan nawa Littafi Mai Tsarki na Hausar, ya karanta Matiyu 28 yana tuntuɓe. Can ya ɗago kai: "Baba, matan ba su ji tsoro ba?" Na ce ya koma aya ta 8.