MBA karatu ne, amma ba na wanda bai taɓa aiki ba

Jama'a, duk sanda na ji wani ya ce ai MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, takarda ce kawai da neman sanayya da manyan mutane, sai abin ya sosa mini rai. Na zauna a wannan ajin, na san irin gumin da ake yi.

Jami'ar Harvard ta Amurka ce ta fara buɗe karatun wannan digiri a 1908, daga baya a shekarun 1920 ta aro salon koyarwa daga sashenta na koyon aikin lauya: a kawo wa ɗalibi labarin wani kamfani na gaske da matsalar da ta tare shi, a ce ya yanke shawara. Ɗalibin can yakan karanta irin waɗannan labarai kusan 500 cikin shekara 2, kuma a darussa da yawa rabin makinsa daga abin da ya faɗa a aji yake fitowa. Makarantarmu ma wannan salon ta bi.

Akwai wata rana da ba na mantawa. An ba mu shafi kusan 20 a kan wani kamfani da cinikinsa ke hauhawa, littafinsa na nuna riba, amma ƙarshen wata ya zo babu kuɗin albashi. Na kwana ina bin jadawalin lissafi da biro. Da safe malam ya shigo, ban ɗaga hannu ba ya kira sunana: "Kai ne manaja, me za ka yi?" Na ce a karɓo bashi daga banki. Sai wata baiwar Allah da ta yi shekaru tana aikin akanta ta ce mu duba shafin ƙarshe. Masu sayen kayan kamfanin sai bayan kwana 90 suke biya, shi kuwa cikin kwana 30 yake sallamar masu kawo masa kaya. Tazarar kwana 60 ke nan, kuma duk yadda ciniki ya ƙaru haka ramin ke ƙara zurfi. Bashin da na kawo shawara jinkirta ciwon kawai zai yi. Na sha karantawa cewa riba daban, kuɗi a hannu daban, amma sai ranar abin ya zauna mini, kuma daga bakin 'yar ajinmu ya fito, malam tambaya kawai yake jefawa.

To a nan ra'ayina yake. Rabin ilimin ajin nan a cikin kawunan ɗaliban yake, abin da kowa ya kwaso daga wurin aikinsa. Farfesa Henry Mintzberg na Jami'ar McGill a Kanada ya daɗe yana sukar tsarin, yana cewa ba a ƙera manaja a aji daga wanda bai taɓa riƙe mutane ba. Na yarda da shi a wannan gaɓar. Shi labarin da ake ba mu a tsare yake zuwa, wani ya riga ya tattara bayanan ya jera. A ofis kuwa babu mai jera maka komai, kuma wanda bai ɗanɗana hakan ba zai ɗauka shugabanci iya magana ne. Shi ya sa makarantu irin INSEAD ta Faransa suke neman wanda ya yi 'yan shekaru yana aiki kafin su ɗauke shi.

Aikin rukuni ma haka. Mutum biyar ko shida, injiniya da likita da ma'aikacin banki, ku raba dare kuna musu a kan rahoto ɗaya da za a ba ku maki ɗaya a kansa. Wallahi a nan na koyi sauraron wanda nake ganin ya yi kuskure har ya kai aya.

Ƙannena da kuka gama digiri na farko bana kuke ta tambayata ta akwatin saƙo ko ku wuce MBA kai tsaye, ku fara kama aiki tukuna, ko da shekara 3 ne. Ku riƙe wani kasafi, a ba ku mutum biyu ku jagoranta, wani shiri ya lalace a hannunku ku gyara shi. Bayan nan ku dawo mu zauna mu yi maganar jarrabawar GMAT ta neman shiga MBA da makarantar da ta dace da ku.