Hutun da Muka Gudu Muka Bar Yara

Maigidana ne ya kawo shawarar mu ɓace daga Juma'a zuwa Lahadi, mu biyu rak, ƙanwata ta zo ta zauna da yara. Muka kafa doka: duk wanda ya fara ambaton yara a tafiyar nan, wanke-wanken sati guda na kansa. Da za mu fita na tsaya a bakin ƙofa ina jira a riƙe mini zani a yi kuka. Babbar ta ce "Umma a sauka lafiya" ba tare da ta ɗago kai ba. Auta ma bai fito ba. Maigida ya ce, "Zo mu tafi tun ba a kore mu ba."

Shi ya zaɓi wurin, wani tafki can a saman duwatsu, tsayin wajen mita 2,000. A hoto ya gan shi, ruwa shuɗi kwance luf. Mai hoton dai bai ɗauki hanya ba. Kwana ce bayan kwana, dutse a dama, rami a hagu, kunnuwana suka toshe har ina jin muryata kamar daga cikin tulu. Ya ce in yi hamma ko in haɗiyi yawu, nauyin iska ne ke raguwa. Ga wanda bai san maigidana ba, mutum ne da in ya karanta abu da dare, kafin gari ya waye ya zama shehi a kai. Ya ci gaba da karatu: duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan sauka da wajen digiri 6.5, ke nan a sama za mu tarar ya ragu da digiri 13.

Na ce, "Madalla da ilimi. Ina jakar rigunan sanyin da na ce ka sa a but?"

Sai hanya ta bukaci hankalinsa gaba ɗaya.

Muna isa masauki na buɗe jaka, na tarar robar man shafawata ta yi aman duk abin da ke cikinta. Iskar da aka rufe a ciki tun daga ƙasa ce ta kumbura ta tunkuɗe murfin, kuma ba ta ga abin shafa wa mai ba sai sabuwar rigar da na ɗinka musamman don tafiyar. Ina tsakar gogewa sai ga wata 'yar safa, ƙafa ɗaya, a lungun jakar. Na dunƙule ta a hannu na yi shiru. Ba a kan safa zan faɗi ba.

Da dare muka zauna gaban taga, kowa ya naɗe da bargon masauki. Ga shirun da muka yi shekaru muna roƙo, ga shi nan mun samu, sai muka rasa abin yi da shi. Muka yi zancen sanyi. Muka yi zancen tayar mota. Muka dawo kan sanyi. Na ce shayin nan bai yi ƙarfi ba, ya ce ai a nan ruwa yana tafasa ne tun a wajen digiri 93, ba ya kai 100. Na ce ya sha abinsa kawai. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Kin san wani gajeren mutum da ke zaune a gidanmu, wanda ba ya biyan haya? Da zai ga ruwan nan..."

"Ka faɗi!"

"Na kira suna?"

Muka yi ta shari'a har barci ya raba mu. Mun yi alkawarin sai rana ta take za mu tashi, amma ido ya saba, tun duhu muna kwance muna kallon silin, babu mai neman takalmin makaranta, babu mai kuka an sha masa shayi. Wajen karin kumallo ya ce wai ya ga ina hura masa kofinsa ina cewa "a hankali, da zafi". Ƙazafi ne, kuma ba shi da shaida.

Babbar matsalar wurin ita ce babu sabis. Ba wanda ya ce uffan a kai, sai dai kowa ya tsiri son kaɗaici. Na ce zan je shan iska, na zaga bayan masauki ina ɗaga waya sama. Ina shan kwana sai ga maigida a kan wani dutse, ya yi ɗage, hannu a sama, wai tsuntsu yake ɗauka hoto. Sararin nan fes, ko ƙuda babu. Yaron da ke ba da hayar kwale-kwale, wanda bai wuce shekara 15 ba, shi ya ji tausayinmu. Ya ce duwatsu ne suka tare, amma a tsakiyar tafki, daidai inda ake hango gibin da ke tsakaninsu, waya tana kamawa. Nan take muka tuna ashe dukanmu tun muna yara muke sha'awar kwale-kwale.

Yaron ya ɗaura mana rigar ceto ya ja igiyoyin da kyau. Ya ce abu biyu: kada a saki filafili, kuma mu dawo kafin rana ta karkata, don in duwatsu suka ɗau zafi iska kan taso daga kwari. Maigida ya ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba nake tuƙi." Gaskiya ne, mota.

Hannunsa na dama ya fi na hagu ƙarfi, saboda haka muka yi ta juyawa a wuri ɗaya. Bishiyar nan guda ta bakin gaɓa sai da muka gaisa da ita har muka saba. Da na yi magana ya ce yana nuna mini kowane ɓangare ne. Da kyar da jibin goshi muka kai tsakiya, sai wayata ta fara ƙara, saƙo kan saƙo. Doka ta mutu a wurin ba jana'iza. Muka haɗa kai a kan waya har kwale-kwalen ya karkace, na danna kiran bidiyo.

Ƙanwata ta ɗauka ta ce, "Yaya, lafiya dai?" Babbar ta leƙo ta ɗaga hannu ta wuce. Sai ga fuskar auta ta cika allo, hanci a gaba. Idona ya ciko. Na ce, "Ɗan albarka, kana kewar Umma?"

Ya ce, "Ina rimot?"

Ashe tun Juma'a suke birkice gida. Maigida ya fara faɗa, shi ya sa kullum yake cewa a riƙa ajiye abu a muhallinsa, yana yi yana laluben aljihu neman hankici. Sai ya yi tsit. A hankali ya zaro rimot ɗin talabijin ɗinmu, wanda ya ƙwace da safiyar Juma'a da suke faɗa a kai. Ya ɗaga shi da hannu biyu yana kallo. Hannu biyu, jama'a. Na ji "cuɓul" ta dama, kafin in juya na ji ta hagu.

Iskar da aka faɗa mana ta iso a kan lokacinta. Filafilan suka kama gabansu, mu ma muka kama namu. Maigida ya naɗe hannun riga ya ce zai faɗa ya kamo su. Ya tsoma yatsa ɗaya a ruwan, ya fitar, ya warware hannun rigar, ya sanar da ni cewa irin wannan tafki ƙasansa ba ya wuce digiri 4 ko da bazara. Ta cikin waya auta yana ihu, "Abba, danna daga nan ka canza mana tasha!"

Yaron ya zo da jirgi mai inji, ya tsince filafilansa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure mu da igiya ya ja mu zuwa gaɓa, masu shan iska a bakin ruwa suna ta ɗaukarmu a waya. Ya kwance mana rigunan, ya dubi maigida, ya dubi rimot ɗin da har yanzu yake rungume da shi a ƙirji. Cikin ladabi ya ce, "Baba, don Allah, ba ku zo da wani babba ba?"